Kafiyar gado: Ma'aikatan Abuja da iyayen da suka ƙi barin gida

A wani gida mai ɗaki uku a Kubwa akwai ɗakin da aka fi shekara ana share shi kullum ba tare da kowa ya kwana a ciki ba. An yi masa sabon fenti, an shimfiɗa darduma a kusurwar gabas, an kuma ajiye kujerar roba a banɗaki saboda mai ciwon gwiwa. Mai gidan ma'aikaci ne a mataki na 13 a ɗaya daga cikin ma'aikatun da ke Sakatariyar Tarayya, kuma ya nemi a sakaya sunansa domin maganar ta cikin gida ce. Mahaifiyarsa ya tanadar wa ɗakin.

Mahaifinsa ya rasu a birnin Zariya bayan doguwar jinya. Ɗan ya bari Hajiya ta cika takabarta ta wata huɗu da kwana goma a ɗakinta, kamar yadda shari'a ta tanada. Asabar ɗin da ta biyo bayan fitarta ya yi sammako da mota, bayan ya gama shawara da ƙannensa a waya, kowa ya amince cewa Abuja za ta koma. Mutum ɗaya ne ba a tambaya ba, ita ce mai tafiyar.

Ta saurare shi har ya gama jera dalilansa: hawan jini, ciwon gwiwa, kaɗaici, da asibitocin Abuja. Sannan ta sa aka zuba masa tuwo, ta ƙulla masa daddawa da kuka a leda. Da ya sake tayar da maganar bayan la'asar, amsarta ba ta da tsawo.

"Nan aka kawo ni ina da shekara goma sha bakwai, daga nan kuma za a fitar da ni. Ka gaida mutanen gidan."

Ya koma Kubwa da daddawa da kuka, kujerar baya babu kowa. Duk wanda ya daɗe a ofisoshin Abuja ya ji irin wannan labari, daga bakin darakta ko daga bakin direba. Sunan garin ne ke canzawa, yau Zariya, gobe Azare ko Kontagora ko Zangon Kataf, amma ƙorafin ɗaya ne: tsohuwa ta kafe, tsoho ya ƙi ji.

Abin da ke matsa wa ma'aikaci

Ɗan da ya dage sai an dawo da mahaifiyarsa kusa da shi yana da hujjoji masu nauyi. Tun da aka dawo da fadar gwamnati daga Legas zuwa Abuja a Disambar 1991, dubban ma'aikata ke rayuwa tsakanin gida biyu, ɗaya inda ake neman abinci, ɗaya inda aka binne cibiya. Hutun shekara na babban ma'aikaci kwana talatin ne, kuma kafin shekara ta raba, biki da rasuwa da Sallah sun cinye shi. Mataimakan ministoci da na 'yan majalisa ma sun fi shiga tsaka mai wuya, domin lokacinsu a hannun maigida yake, ba su san ranar da za su kwana a gari ba.

Hanya ma ta yi tsada. Daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin man fetur, zuwa gida a ƙarshen mako ya tashi daga al'ada ya koma abin da sai an yi masa lissafi. Jirgin ƙasan da ya fara jigila tsakanin Abuja da Kaduna a 2016 ya rage wahala, amma a Rigasa yake ajiye mutum, daga nan sai ya nemi motar da za ta ƙarasa da shi. Wanda aka kira da ƙarfe biyun dare aka ce jikin Inna ya tashi, babu abin da zai iya sai ya zauna bakin gado yana jiran asuba.

Sai maganar kuɗin magani. Inshorar lafiya ta ma'aikatan tarayya ta ƙunshi ma'aikaci da abokin aurensa da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Iyaye ba sa ciki, sai an yi musu rajista daban an biya. An sa hannu a dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa a 2018, cibiyar ta fara aiki a 2021, amma wanda zai tuna wa tsohuwa shan ƙwayar safe, ya kama hannunta ta tsallake dokin ƙofa, har yau daga cikin gida yake fitowa. Kai mahaifi gidan gajiyayyu kuwa abin kunya ne da ɗan Bahaushe ba ya ko son a ambata masa.

Ta fuskar addini ma nauyin a bayyane yake. A mazhabar Malikiyya, wadda galibin Musulmin Arewa ke bi, ciyar da iyaye matalauta wajibi ne a kan ɗan da ke da hali. Saboda haka ma'aikacin da ya gyara ɗaki ya tafi da mota yana ganin farilla yake saukewa, kuma ƙin amincewar tsohuwa yana yi masa zafi biyu, zafin tsoro da zafin an mayar masa da alheri.

Abin da Hajiya ke karewa

Ruwa ba ya tsami banza. Matar da ta ce ba za ta bar gidan mijinta ba ta yi nata lissafin, sai dai ba ta cika faɗinsa a fili ba.

Na farko shi ne gidan kansa. A rabon gado na Musulunci matar mamaci tumuni take samu idan ya bar 'ya'ya, wato kashi ɗaya cikin takwas, idan kuma matan sun fi ɗaya su raba wannan tumunin a tsakaninsu. Sau da yawa babu abin da mamacin ya bari mai daraja sai gidan. Muddin tsohuwa tana ciki, magada kan ji nauyin ta da maganar sayarwa. A gidan Zariya akwai 'ya'yan abokiyar zaman Hajiya wadda ta riga mu gidan gaskiya, kuma biyu daga cikinsu sun fara tambayar nawa ake sayar da irin gidan a unguwar. Hajiya ta san ranar da ta sa kwado a ƙofarta ta shiga mota, ranar za a kira dillali. Ɗanta bai ga wannan ba, domin shi yana zuwa ne ya kwana biyu ya koma.

Na biyu alkunya ce. Mai ɗakin Kubwa ɗan fari ne, kuma Hajiya, kamar matan zamaninta, ba ta taɓa kiran sunansa ba tun da ta haife shi. "Yaron nan" take cewa, ko da yake furfura ta fara fito masa. Matar da ke jin nauyin ambaton sunan ɗa, ita ake so ta tare a gidansa, ta riƙa jin motsinsa da matarsa, ta jira suruka ta sauke tukunya kafin ta ci. Gidan 'ya mace kuwa ya fi nauyi, domin gidan suruki ne, mutumin da a al'ada ko cin abinci a gabansa ba a so. Gidajen hayar da ma'aikata ke zaune a Kubwa da Nyanya da Mararraba da Lugbe ba su da sashen tsohuwa irin na gidan gargajiya, inda za ta ja ƙyaurenta ta yi mulkin tsakar gidanta. Tun bayan tsarin 2003 da ya mayar da haƙƙin gida kuɗi, aka kuma sayar da gidajen gwamnati, ma'aikaci abin da aljihunsa ya iya kamawa yake zaune a ciki.

Na uku shi ne matsayi. A unguwarsu Hajiya uwar adashi ce. Ita ake kira idan naƙuda ta zo wa yarinya, ita ke shiga tsakani idan miji da mata sun saɓa, kuma tana da wurin zamanta a makarantar Islamiyya ta matan aure. Kafin azahar mutum goma sun yi mata sallama. A Abuja, da ƙarfe shida na safe gida ke watsewa, maigida da matarsa su bi cunkoson hanya, yara su tafi makaranta, a bar ta da talabijin da ƙofar ƙarfe a kulle. Wadda ta rasa abokin zaman shekara hamsin, idan aka raba ta da unguwarta, an ƙara mata rashi na biyu a kan na farko.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe

Da ma'aikacin ya ga rarrashi bai yi ba, sai ya ɗauki hanyar da yake ganin za ta karya kafiyar. Ya daina kiran waya. Ya ci gaba da tura kuɗin abinci ta hannun ƙaninsa, amma ya ce kada a gaya mata daga gare shi suke. Ita kuma da ta gane, sai ta ce a mayar masa, tana da ƙuli-ƙulinta da man gyaɗarta da za ta sayar. Mako bakwai uwa da ɗa ba su ji muryar juna ba, kowa yana jiran ɗaya ya fara saukowa.

Ƙanwarsa, malamar makaranta a Kaduna, ita ce ta gaya masa abin da sauran ke tsoron faɗa.

"Yaya, kai da Inna duk ɗaya kuke. Wa ya taɓa juya ka idan ka ce a'a?"

Ta tuna masa tarihin gidan. Kakansu na wajen uwa ya ƙi sayar da gonarsa har gari ya kewaye ta da gine-gine. Mahaifinsu ya yi shekaru yana jinya bai yarda an kama shi zuwa masallaci ba. Ita kanta Inna, lokacin da dangi suka taru a kan a cire wannan ƙanwar daga makaranta a yi mata aure, ita kaɗai ta tsaya ta ce sai ta gama, aka yi watanni ana yi mata gori ba ta motsa ba. Da kuɗin ƙuli-ƙulin nan aka biya masa jarrabawar fita sakandare. Shi kuma Yaya, ai a ofis an san shi da cewa idan takarda ba ta bi ƙa'ida ba, ko wa ya aiko ta ba zai sa hannu ba, kuma yana alfahari da hakan.

A nan ne gidaje da yawa ke tuntuɓe. Halin da 'ya'ya ke kira jajircewa idan suna ba da labarin yadda aka rene su, shi suke kira taurin kai ranar da ya juyo kansu. Kuma da yake sun gaje shi, sai gardamar ta zama ta masu hali ɗaya, kar ta san kar. Ɗan da ya saba ba da umarni a ofis yakan shigo gida da muryar da yake magana da ƙananan ma'aikata, ya manta cewa wadda ke gabansa ita ta yi masa wanka. Tsohuwa kuma da ta ji an fara yanke mata hukunci ba da ita ba, sai ta riƙe abin da ya rage a hannunta, wato cewa a'a.

Shirun ya ƙare ne a ranar wata Laraba. Hajiya ta zame a bakin rijiya da asuba, ta yi kusan awa guda a ƙasa kafin yarinyar maƙwabta ta shigo ɗibar wuta ta gan ta. A asibiti aka tarar babu karaya, amma jininta ya hau ƙwarai. Bincike ya nuna ta fi wata guda ba ta shan maganinta. Ya ƙare, kuma wanda ya saba tambayarta ko ta sha shi ne wanda ya daina kira.

Idan uba ne aka bari

Na maza ya sha bamban. Dattijon da matarsa ta rasu yakan rasa wadda ta san inda maganinsa yake da irin tuwon da cikinsa ke karɓa, amma da wuya ya furta cewa yana da buƙata. Shi ne zai ƙi sauka daga babur alhali idonsa ya raunana, ya dage sai ya je gona da kansa a tsakiyar rana, ko ya riƙa raba kuɗin da aka turo masa ga duk wanda ya yi sallama, don kada a ce maigida ya daina kyauta.

Babbar gardamar ita ce ta aure. A wasu gidajen 'ya'ya ne ke matsa masa ya sake aure don a samu mai kula da shi, shi kuma ya ƙi. A wasu kuwa shi ke so, 'ya'yan su tayar da jijiyar wuya saboda kishin ɗakin mahaifiyarsu ko tsoron ƙaruwar magada. Wanda ya bar aikin gwamnati a shekara 60, ko bayan shekara 35 yana aiki, ya riga ya ɗanɗani yadda gaisuwa ke raguwa idan kujera ta tafi. Gidansa ne wuri na ƙarshe da maganarsa ke da nauyi, shi ya sa yake tsare ta.

Inda kafiya ta zama alamar ciwo

Akwai iyakar da bai kamata a tsallake ta da sunan girmama ra'ayin tsoho ba. Hawan jini ba ya cika nuna alama, kuma mai shi yakan daina shan magani da zarar ya ji sauƙi, alhali maganin na kullum ne. Ƙarshen sakacin yakan zama shanyewar ɓarin jiki. Karkacewar baki, mutuwar hannu ko ƙafa a gefe ɗaya, da sarƙewar harshe farat ɗaya, alamu ne na a garzaya asibiti nan take, ba a tsaya shawara ba.

Haka nan ya kamata a bambanta tsohon hali da sabo. Wanda tun yana saurayi ba a juya shi, kafiyarsa a tsufa ci gaba ce kawai. Amma mai sanyin hali da ya koma faɗa, yana zargin ana yi masa sata, yana ɓacewa a hanyar da ya sani, ko yana maimaita tambaya ɗaya sau da yawa, yana iya kasancewa da cutar mantuwa ta tsufa. Wadda ta daina cin abinci, ta daina fita gaisuwa, barci ya ƙaurace mata watanni bayan rasuwar miji, baƙin cikinta ya kai a ga likita. Wani lokacin ma abin da ake kira ƙin ji raunin kunne ne kawai: tsohon bai ji abin da aka faɗa ba, kuma yana jin kunyar cewa a maimaita.

Yadda aka sasanta

Bayan an sallamo Hajiya, ɗan bai sake zuwa da mota ba. Ya je wajen ƙanin mahaifiyarsa, wanda suke kira Kawu, da wata Gwaggo da Hajiya ke jin maganarta, ya roƙe su su zauna da ita. A zaman nan ne aka fara yi mata tambayar da ya kamata a yi tun farko, wato me take so. Ta ce tana so ta zauna a ɗakinta, kada a sayar da gidan tana raye, kuma kada a kawo mata 'yar aikin da ba ta sani ba.

Aka tara magada duka, har da 'ya'yan marigayiya abokiyar zamanta. Aka ƙiyasta gidan, aka fitar wa kowa rabonsa a rubuce a gaban shaidu, sannan ma'aikacin da ƙanwarsa suka ɗauki nauyin biyan masu son kuɗinsu a hankali. Wata jikar Hajiya da ke karatu a Zariya ta dawo gidan da kwana. Aka ja famfo zuwa ƙofar ɗaki, aka rufe bakin rijiya, aka kafa ƙarfen dafawa a banɗaki. Aka sayi na'urar awon jini, jikar tana aunawa tana tura sakamakon ta WhatsApp ga zauren 'yan gidan.

Kuɗi ma aka sake masa hanya. Na magani yana tafiya kai-tsaye ga mai kemis na unguwa, hatsi kuma ana saye da kaka a ajiye mata. Abin da ake ba ta a hannu nata ne, babu mai tambayar inda ta kai shi, ko da an san rabinsa a hannun jikoki da almajirai yake ƙarewa. Aka raba nauyi: ƙanin da ke gari shi ke kai ta asibiti, ƙanwar Kaduna tana zuwa duk bayan mako biyu, na Abuja yana ɗauke da kuɗi da kiran waya bayan sallar isha. Wannan rabon ya kashe wani rikicin da ke cin gidaje a ɓoye, inda na nesa ke ganin shi ke kashe kuɗi, na kusa kuma ke ganin shi ke shan wahala.

Ita ma Hajiya ta sauko da taki ɗaya. Ta yarda za ta riƙa zuwa Abuja ganin likita sau biyu a shekara, bisa sharaɗin ita za ta faɗi ranar komawa. Ba ta bar ƙuli-ƙuli ba, kuma an daina yi mata maganar ta bari.

Ba kowane gida ne zai iya wannan tsari ba. Akwai tsohuwar da jikinta ya yi raunin da dole a ɗauke ta, akwai garuruwan da rashin tsaro ya sa zama a cikinsu ya zama kasada, akwai kuma wanda ba shi da ɗan'uwa ko ɗaya a gida. Ko a irin wannan hali, waɗanda suka bi ta hannun wanda tsohon ke jin nauyinsa, suka bar masa zaɓi a cikin ƙananan abubuwa, suka kira tafiyar ziyara kafin ta zama zama, sun fi samun sauƙi a kan waɗanda suka zo da hukunci a aljihu.

A watan da ya gabata Hajiya ta kwana a ɗakin Kubwa karo na farko. Ta yaba fentin, ta ce kujerar banɗakin ta yi gajarta. Jakarta ba ta yarda an kwashe kayan ciki an zuba a durowa ba, a bakin ƙofa ta ajiye ta. A rana ta tara ta ce gobe za ta koma, domin akwai suna a maƙwabta kuma ranar kwasar adashi ta zo. Ɗan ya buɗe baki zai ce ta ƙara mako guda, sai matarsa ta dube shi, ya yi shiru.

"To, Inna. Ƙarfe nawa za mu tashi?"

"In an yi sallah," in ji ta. Sannan ta juya ga surukarta ta ce, "Ki gaya wa yaron nan ya rage gardama. Ban san inda ya ɗauko ta ba."